Teburin Lahadi a Farar Barewa

Mayu, 2016

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Sheila,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara da jikoki. Yaya ƙafar taki? Yaya kuma kunnen? Tunda kin ce yanzu in na kira ki sai ki ji kamar daga cikin rijiya nake magana, na ce bari mu koma biro da takarda, yadda muka saba a shekarun da kika fara tafiya Ostireliya. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Malcolm yana gaishe ki. Gwiwa ce ke damunsa, amma tunda ba ta hana shi zuwa mashaya ba, ban ɗauke ta da zafi ba.

Kin tambaye ni labarin unguwa. Pauline ta ƙarshen layi, wadda kika yi aji ɗaya da yayarta, ta buɗe mana zauren hira a waya, ta zuba kowa a ciki ba tare da ta tambayi kowa ba. Da farko wai don a riƙa tuna wa juna ranar kwasar shara, da cigiyar kyanwa in ta ɓata. Yanzu ba abin da ake yi sai gardamar abinci. Makon jiya an yi ta ja-in-ja a kan shagon kifi na bakin gada, ko sun canza man suya. Wata ta ce kifin ya koma ɗanɗanon kwali. Pauline ta ce mata, "Bakinki ne ya tsufa, ba man ba." Sai wani sabon maƙwabci ya tambaya ina zai kai 'ya'yansa cin abinci ranar Lahadi, inda ba za a harare shi ba in jaririn ya tsala kuka. Nan kam ba a yi musu ba, kowa ya ce mashayar Farar Barewa.

Na san Farar Barewar da ke cikin kanki: duhu, warin taba, maza zalla, babanmu a kusurwa da hularsa a gwiwa. Yau ba za ki gane ta ba. Trevor mai mashayar ya sa kujerun yara, ya kafa lilo a filin baya. Amma abin da ya tashe ta daga barci shi ne girkin Dorota, matar ɗanmu Gavin. Yarinyar da ta zo daga Poland tana wanke kwanuka, yau ita ke riƙe da kicin ɗin gaba ɗaya. Gasasshen naman sa da dankali da romon da take yi, Sheila, ko mamanmu sai ta sara mata, kin kuwa san mamanmu ba ta yabon girkin kowa. Har daga Bradford ake tahowa.

Kowace Lahadi muna da teburinmu a bakin taga: ni da Malcolm da Gavin da jikata Zosia, wadda ta cika shekara bakwai ta kuma zubar da haƙoran gaba. Sai Cliff, abokin Malcolm tun suna aiki a masaƙa, wanda ya maƙale mana tun rasuwar matarsa. In an sallami faranti na ƙarshe, Dorota takan fito ta zauna da kofin shayi, ta cire takalmi a ƙarƙashin tebur. Tun ranar aurensu take kiran Malcolm Baba, wai haka ake yi a garinsu. Shi da bai haifi mace ba, in ta faɗa sai ki ga kunnensa ya yi ja don daɗi. Duk baƙon da ya yabi naman, sai ya juya ya ce, "'Yata ce ta dafa."

Abu ɗaya ne ke ci mini rai. Kin ji labarin ƙuri'ar da za a kaɗa wata mai zuwa, ko mu ci gaba da zama cikin Tarayyar Turai ko mu fita. Maganar ta shiga ko'ina, har cikin zauren Pauline. Ana hirar kifi sai wani ya ce ai mutanen Turai ne suka kwashe mana shi. Malcolm ya manna takarda a tagarmu, mai cewa a fita. Na ce masa, "Malcolm, ka manta wa ke dafa maka abincin Lahadi?"

Ya ce, "Beryl, kada ki haɗa abin da bai haɗu ba. Da mutanen Landan nake. Sun rufe masaƙa, sun bar mu muna kallon bulo, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce yaya kuke. Yau sun tambaye ni, zan ba su amsa."

Ba zan ce ƙarya yake yi ba. Ina nan ranar da ya dawo da akwatin kayan aikinsa ya ajiye a bayan ƙofa. Amma Dorota ta wuce ta gaban tagar nan shekaranjiya, ta tsaya ta karanta, ta shigo ta gaishe mu kamar kullum, ba ta ce komai ba. Shirun nan ne bai yi mini ba.

Ki gaishe mini da kowa. Ki daina hawa tsani da ƙafar nan.

Ƙanwarki,
Beryl


Ƙarshen Yuni, 2016

Yayata Sheila,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, na samu takardarki da hoton jaririn. Allah ya raya shi, hancin gidanmu ya ɗauko.

Sakamakon ƙuri'a kin gan shi a talabijin, masu cewa a fita ne suka yi nasara. Abin da ba ki gani ba shi ne Lahadin da ta biyo baya.

Farar Barewa ta cika maƙil, an rataya tutoci, maza sun fara sha tun kafin a kunna murhu. Gavin bai so zuwa ba, Dorota ce ta ce ya zo, wai kada Baba ya ga kamar an yi fushi da shi. Da abincinmu ya yi, ita da kanta ta ɗauko farantan, kamar yadda ta saba yi wa teburinmu. Tana ajiye na Cliff sai ya ɗaga kai, ya ɗaga murya yadda har na bakin kanta za su ji, ya ce, "To, uwar girki, na bankwana ne wannan? An fara haɗa kaya?"

Wasu suka yi dariya. Ba su da yawa, amma sun yi.

Zosia ta ja rigar uwarta ta ce, "Mama, ina za mu?"

Cliff ya ce, "Gidanku mana, 'yar yarinya."

Ta ce, "Ai gidanmu yana bayan coci."

Sheila, duk wannan Dorota ba ta dubi Cliff ba ko sau ɗaya. Malcolm take kallo, da butar romo a hannunta. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana yanka nama ƙanana-ƙanana, kamar wanda zai ba jariri. Ni na ce wa Cliff ya ji kunya, tsoho da shi, a gaban yarinya. Amma ba muryata Dorota ke jira ba.

Gavin ya miƙe ya ce, "Baba, ba ka ji ba ne?"

Malcolm ya ce, "Zauna, mutane na kallo. Ka san Cliff, wasa yake yi." Sannan ya dubi Dorota ya ce, "Ba da ke ake ba, 'yata. Ke ai daban ce."

Ta ce, "Daban da wa, Baba? Da uwata? Da ƙanena da ke ɗaukar kaya a kasuwa? Faɗa mini, don in san wanda zan ce wa ya haɗa kaya."

Ta ajiye butar romon a tsakiyar tebur a hankali, ko ɗiga bai yi ba, ta koma kicin. Gavin ya ɗauki Zosia ya fita. Aka bar ni da tsofaffi biyu da faranti biyar. Cliff ya cinye nasa tas. Malcolm bai kai ko loma ɗaya baki ba.

Abin da ya fi taɓa ni, Trevor ya gaya mini daga baya cewa Dorota ba ta bar murhu ba sai da ta ciyar da kowa, har waɗanda suka yi dariyar. Ta wanke tukwane, ta goge tebur, ta ninke rigar aikinta ta miƙa masa ta ce ta gode, ta bar aikin. Ya roƙe ta, ya ce zai hana Cliff shiga mashayar har abada. Ta ce, "Trevor, Cliff ba kowa ba ne a wurina."

Muka koma gida ni da Malcolm. Da muka shiga ya ɓare takardar tagar ya jefa a shara. Na ɗauka zai ɗauki waya. Sai ya kunna talabijin.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Beryl


Nuwamba, 2016

Yayata Sheila,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan zafin wajenku bai matsa miki ba. Mu nan sanyi ya shigo da wuri. Na gode da shawararki, amma kin manta irin mutumin da na aura. Kin ce in bar shi ya huce. Ai ba fushi yake yi ba balle ya huce. Kunya ce ta kama shi, ita kuwa a wurin Malcolm ƙara tauri take yi.

Dorota ta samu aiki a gidan kula da tsofaffi, tana dafa musu abin da ba ya buƙatar haƙori. Nakan je wurinsu ranar Laraba ni kaɗai. Tana karɓata hannu biyu, tana kirana Mama, amma ta rame. Ta ce mini a makaranta wani yaro ya gaya wa Zosia an kusa korarsu. Tun daga ranar yarinyar ta daina amsa wa uwarta da yarensu a waje. In suna cikin bas Dorota ta yi mata magana, sai ta rufe mata baki da hannu ta ce, "Mama, a hankali, za su ji." Tana ba ni labarin tana yanka albasa, don haka ba zan iya ce miki ga abin da ya kawo hawayen ba.

Sun haɗu da Malcolm a kasuwa watan jiya, a gaban mai sayar da cuku, ba hanyar kaucewa. Ta ce, "Barka da rana, Malcolm." Ya dawo gida ya zauna da kwat a jikinsa har na gama girki. Ya ce, "Sunana ta kira." Na ce, "To da wane suna kake so ta kira ka?"

Nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Ya ce, "Ƙuri'ata tawa ce. Ba zan durƙusa wa kowa a kanta ba. In gobe aka sake, haka zan sake yi."

Na ce, "Wa ya tambaye ka ƙuri'a? Rabin layin nan haka suka kaɗa, Pauline ma haka ta kaɗa, amma ta je har gida da kek ta ce wa Dorota ba ta ji daɗin abin da aka yi mata ba. An ci mutuncin yarinya a teburinka, kana yanka nama."

Ya ce, "Shekara nawa muke tare da Cliff? Shi ya ɗauke ni a kafaɗa ranar da inji ya ci mini yatsa. In ci masa fuska a gaban jama'a?"

Na ce, "Ai ka zaɓa ke nan."

Ya fita rumfar da ke bayan gidanmu. Can yake wuni yanzu, yana gyara abin da bai lalace ba.

Zauren Pauline kuwa ya zama wani iri. Bayan ƙuri'ar an yi ta zage-zage, waɗannan suna kiran waɗancan jahilai, waɗancan suna kiran waɗannan maciya amana. Mutanen da ke aron tsani a wurin juna suka daina gaisawa. Da yawa suka fita. Pauline ta kafa doka: "Daga yau abinci da shara da kyanwa kawai. Duk wanda ya ambaci firayim minista zan cire shi, ko mijina ne." Aka koma hirar sabon gidan abincin 'yan Turkiyya, da ko gurasarsu ta kai kuɗinta. Amma hirar ba ta da rai, kowa na taka-tsantsan kamar mai tafiya a kan ƙanƙara.

Ranar Litinin maƙwabcin nan mai jariri ya rubuta, "Wai me ya samu abincin Farar Barewa ne? Naman jiya kamar takalmi, romon kamar ruwan wanki. Ina matar nan da ke dafawa da?" Ina kallon wayata, ina ganin sunayen waɗanda suka karanta. Duk suna wurin ranar. Can sai Pauline ta rubuta cewa an ga wata baƙar kyanwa a bayan gareji.

Kirsimeti na tahowa, ban san inda zan sa kaina ba. Gavin ya ce in je wurinsu. Bai ce mu je ba.

Ki gaishe da maigida.

Ƙanwarki,
Beryl


Agusta, 2017

Yaya Sheila,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki gafarce ni da dogon shiru, ba ni da abin faɗa mai daɗi ne. Ina fatan aikin idon ya yi kyau.

Sun tafi, Sheila. Gavin da Dorota da Zosia sun koma Poland, garin su Dorota, Torun.

Ba wanda ya kore su. Ina so ki san wannan, don Malcolm yana ta maimaita shi kamar wani ya musa. Mahaifiyar Dorota ba ta da lafiya, wani ɗan uwansu kuma ya samar wa Gavin aikin gyaran famfo da dumama gidaje. Amma da na tambayi Dorota tsakani da Allah, ta ce, "Mama, da can in na buɗe ƙofa da safe ba na tunanin komai. Yanzu duk wanda ya gaishe ni sai in ce a raina, shi ma yana cikin masu dariyar? Na gaji da wannan lissafin. Kuma ina so 'yata ta yi magana da ƙarfi a cikin bas."

Ranar tafiyar na shirya da sassafe ban ce wa Malcolm komai ba. Ina sa takalmi sai na gan shi a bakin ƙofa da igiyoyi a kafaɗa. Muka taka har bayan coci. Da muka isa bai gaishe da kowa ba, ya leƙa cikin motar kayan ya ce wa Gavin, "Wa ya jera wannan? Kafin ku kai bakin teku madubin nan ya tarwatse." Ya sa aka sauke komai, ya sake jerawa da kansa, da gwiwar nan tasa, yana nishi. Gadon Zosia ya naɗe shi da bargo kamar mai naɗe jariri. Ya ɗaure kowace igiya, ya ja, ya sake ja. Gavin ya bar shi.

Maƙwabta suka fito. Pauline ta kawo abinci na hanya tana kuka tana cewa hayaƙin mota ne. Trevor ya zo ya rungumi Dorota. Cliff bai zo ba, amma na ga labulen tagarsa yana motsi.

Da aka rufe motar Zosia ta ruga ta ƙanƙame Malcolm ta ce, "Kaka, za ka zo?" Ya ɗora hannu a kanta ya ce, "Ki riƙa jin maganar mamanki." Dorota ta zo ta tsaya a gabansa. Ta daɗe a tsaye, Sheila, ta ba shi lokaci fiye da yadda ni zan iya ba shi. Na ga bakinsa yana motsi. Abin da ya fito shi ne, "A duba iskar tayar baya a hanya."

Ta ce, "Za a duba. Sai wata rana, Malcolm." Ta miƙa masa hannu, suka gaisa kamar waɗanda suka gama ciniki.

Ya tsaya a tsakiyar titi har motar ta sha kwana, ya ci gaba da tsayuwa, sai da mai kai madara ya yi masa hon.

Tun daga ranar bai sake taka Farar Barewa ba. Cliff ya zo ya buga ƙofa ranar Lahadi, Malcolm ya ce in ce ba ya nan. Na ce ba na yi wa kowa ƙarya. Ya je da kansa ya buɗe, ya ce, "Cliff, ka tafi kawai." Cliff ya ce, "Don wannan 'yar maganar? Shekara guda fa ke nan." Malcolm ya rufe ƙofa a hankali. Yanzu ya rasa wancan, ya rasa wannan.

Trevor ma ya sa mashayar a kasuwa, an ce gidajen haya za a yi da ita. A zauren Pauline kowa na juyayi, ana ta sa tsofaffin hotuna, har da wani na babanmu a kusurwarsa. Mutanen da suka shekara ba su leƙa ba su ne suka fi kowa kuka.

Gidan ya yi mana girma. Ranar Lahadi nakan dafa ƙwai mu ci a gaban talabijin.

Taki har kullum,
Beryl


Torun, Mayu, 2018

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki daga inda ba ki taɓa zaton za ki samu takardata ba. Dubi kan sarkin da kyau. Ina fatan kina lafiya, ke da duk gidan.

Zosia ce ta karɓi Jibin Ubangiji karo na farko a cocinsu, abin da a nan suke ɗauka kamar biki. Ita ta rubuto da hannunta ta gayyace mu, mu biyu. Na ce wa Malcolm zan je, ko da shi ko ba shi. Ya ce gwiwarsa ba za ta iya zaman jirgi ba. Ban roƙe shi ba.

Shi ya kai ni filin jirgi. Ya ɗauki jakata har inda ake hana masu rakiya wucewa, ya tsaya yana murza hularsa. Ya ce, "Beryl, in kin je ki ce mata..."

Na ce, "In ce mata me?"

Ya ce, "Kin sani ai."

Na karɓi jakata na ce, "Malcolm, shekara arba'in da wani abu ina kai maka saƙo. Wurin uwarka, wurin ɗanka, wurin likita. Wannan ba zan ɗauka ba. Naka ne." Na wuce ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zan karɓa.

Sheila, da kin ga yarinyar nan cikin fararen kaya da furanni a ka. Ta yi tsawo, haƙoran sun fito manya-manya. Bakinta ba ya rufuwa, tana zuba yarensu tana juyowa ta fassara mini, har tana yi mini dariya in na gwada. Gavin ya yi ƙiba, yana fama da yaren kamar mai tauna tsakuwa, surukansa na tafa masa. Mahaifiyar Dorota tana kan kujerar guragu, ba mu jin maganar juna, amma ta riƙe hannuna tun daga coci har gida. Ban taɓa ganin Dorota tana dariya haka ba. Na yi murna, kuma abin ya yi mini ciwo, don a wurinmu ya kamata ta yi ta.

Bayan an ci abincin rana, gida cike da dangi, sai wayar Dorota ta yi ƙara. Ta duba, ta dube ni, ta shiga kicin ta rufe ƙofa. Gavin ya ce, "Waye?" Na ce ya zauna. Aka yanka kek, aka sha shayi, yara suka fita wasa, ƙofar na rufe. Ni dai ina riƙe da kofi ban san me ke cikinsa ba.

Da ta fito idonta ya yi ja. Ta zo ta zauna kusa da ni ta ce, "Mama, mijinki bai iya ba da haƙuri ba."

Na ce, "Na riga ki sani. Me ya ce?"

Ta ce, "Ya tambayi yanayin gari. Ya tambayi ko famfunan nan irin namu ne. Ya yi tari. Na ce masa ina da baƙi, in ba magana zan ajiye. Sai ya ce, 'Na ji abin da Cliff ya faɗa. Na ji sarai. Na san kina kallona, na ƙi ɗaga kai.' Daga nan bai iya ci gaba ba. Ina jin numfashinsa kawai."

Na ce, "Ke me kika ce?"

Ta ce, "Na gaya masa duk abin da na tara. Maganar bas, maganar makaranta, yadda na tsaya da butar nan kamar baiwa a kasuwa. Ban rage komai ba. Bai katse ni ba, bai kare kansa ba." Ta share fuska ta ce, "Ban ce na yafe ba, Mama. Ba zan faɗi abin da bai kai zuciyata ba tukuna. Kuma ba za mu dawo ba, na gaya masa wannan ma."

Na ce ba wanda zai tilasta mata.

Ta ce, "Amma na ce ya sake kira mako mai zuwa. In ya kira zan ɗauka."

Sannan ta tashi ta leƙa taga ta ƙwala wa Zosia kira, ta miƙa mata wayar ta ce, "Kakanki yana kan layi, ya ce zai jira. Ki je ki gaya masa kalar furannin." Ashe duk wannan hirar da muke yi bai ajiye ba.

Jibi zan koma. Ban san irin mutumin da zan tarar a filin jirgi ba, kuma ban san ko wata rana zai hau jirgin nan ba. Ba na sa rai da yawa, mun tsufa ni da shi. Yanzu dai ina jiyo Zosia a tsakar gida tana yi masa ihu a waya, wai ba ya jin ta, tana maimaitawa.

Ki gaishe mini da kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Beryl